Shanun Alhaji Maccido

Shafi na 23

Masu cewa na cika wahalar da Siddiƙ, ku ƙara haƙuri, yau ma bai huta ba. Wanda ya shigo mana a tsakiya kuma ya gyara zama, zai gane komai.

Tunda Siddiƙ ya shigo ɗakin bai zauna ba. Makullin babur na hannunsa yana ta juya shi. Da hantsi yana bakin tashar Tambuwal yana jiran fasinja aka zo aka ce masa Baffa Ɗanmaliki, ƙanin mahaifinsa, na nemansa yanzu-yanzu.

Baffan na kwance a kan katifa. Tun watan jiya ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana sai da ƙyar. Malam Uthman limamin unguwa na zaune wajen kansa. Inna Fatsuma, mahaifiyar Siddiƙ, ta raɓe a bakin ƙofa ta ja mayafi har goshi.

"Sake faɗi, Baffa," in ji Siddiƙ. "Ban ji da kyau ba."

"Ka ji shi, Siddiƙu," Malam Uthman ya ce a hankali. "Magana wahala taka yi mai."

"Malam, shekara fuɗu nika jiran maganar ga. Shi sake."

Ɗanmaliki ya rufe ido ya buɗe. Yawu ya zubo masa ta gefen baki, liman ya goge masa da gefen zane.

"Shanun babanka... ba ɓarayin daji sunka kore su ba. Ni nis sai da su."

Shanu tamanin da wani abu Alhaji Maccido ya mutu ya bari a rugarsa ta wajen Fakku. Su ne gadon Siddiƙ da mahaifiyarsa. Ba a kai ga rabawa ba, ko arba'in ba a yi ba, labari ya iso cewa ɓarayi sun shiga rugar sun kwashe su kaf. Daga ranar komai ya fara zamewa. Siddiƙ ya bar karatunsa na Sakkwato a shekara ta biyu, aka sayar da motar Alhaji, neman auren da ya fara ya watse. Yaron da ake kaiwa makaranta a mota ya koma ɗan kabu-kabu, a kan babur ɗin wani ma.

"Yaya kay yi?" ya tambaya.

"Kai, yaron ga," Inna ta ce daga ƙofa. "Mi za ka yi da sanin wannan?"

"Inna, ki bar ni. Baffa, yaya kay yi?"

"Na aiki Bube garin Kebbe... sayen kanwa da maganin tsutsa. Da yab bar rugar, mutanena sunka zo. Na ce su harba bindiga sama, kowa shi gudu. Sunka kora su har bakin hanya. Mota ukku na jira. Anka yi Kudu da su."

"Sannan kad dawo gidanmu kana kuka."

Ɗanmaliki ya kau da kai.

"Ka riƙe hannuna a zaurenmu. Kac ce mini Bube ya san ranar, shi yas sa yab bar ruga. Kai kac ce, ko ba kai ba?"

"Ni nic ce."

Siddiƙ ya jingina da bango. Bube makiyayin mahaifinsa ne, shekara talatin yana riƙe da garken. Shi ya koya wa Siddiƙ tatsar nono, shi yake ɗora shi a kafaɗa su ƙetare fadama in ya je hutu. Sunansu ɗaya na yanka, Abubakar, don haka "takwara" yake kiransa. Kuma shi Siddiƙ da kansa ya je har Fakku da 'yan banga, ya nuna Bube da yatsa gaban matarsa da mutanen ruga. Kwana goma sha ɗaya suka riƙe shi kafin su sake shi, don ba su sami komai a kansa ba.

"To ina suke?" in ji Siddiƙ. "Abin da kas samu, ina shike?"

"Na gina gidan ga. Na sai tifa, ta ƙone kan hanya. Na je Umra. Sauran... ban san inda yab bi ba."

"Umra." Siddiƙ ya yi wata 'yar dariya. "Har dabino ka kawo muna. Na ci, Baffa. Na ce Allah shi karɓa."

Malam Uthman ya gyara murya.

"Siddiƙu, abin da yay yi babba na, ba mai cewa ƙarami. Amma ka ga halin da shika ciki. Ba wanda yat tilasta shi, shi yak kira ni da kainai. Haƙƙinka na nan, za mu zauna da manya a duba gidan ga. Abin da shika nema yanzu, ka yafe mai."

"Gidan da ɗiyanai tara ke ciki? In fidda su titi, gari shi ɗauka ɗan Maccido ya kori 'yan'uwanai uba na kwance? Kun san ba zan iya ba, Malam. Shi ma ya sani."

"To ka yafe don Allah."

"Haka kawai? Shi faɗi a minti biyar, ni in yafe a minti guda, kowa shi tashi shi ci tuwo?"

"Siddiƙu..." Ɗanmaliki ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Ɗana..."

"Kada ka kira ni haka."

Ya juya zai fita. Inna ta tare ƙofar da hannu, ya tsaya don ba zai iya ture ta ba.

"Ka ce wani abu kafin ka fita. Ba mu san wanda za shi kai gobe ba."

Ya dubi fuskarta. Abin da ya ɗaure masa kai tun ɗazu ke nan: ko sau ɗaya ba ta yi salati ba, ba ta dafe ƙirji ba.

"Inna, ke ba ki yi mamaki ba."

Ta sunkuyar da kai.

"Kin sani?"

"Ban sani ba. Zato niy yi."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu bayan abin. Wani ɗan'uwana direba ya ce mini ya ga Baffanka kasuwar shanu can Kudu, a makon da anka ce ɓarayi sun shiga."

"Kika yi shiru."

"Mi zan ce? Ina cikin takaba, ba ni da shaida, shi ar riƙe da mu. Kai kuma lokacin wuta kake. Da na faɗi, da ka ɗauko adda. In rasa miji, in rasa dukiya, in rasa ɗa?"

"Bube fa, Inna? Shekara fuɗu kowa na kiranai ɓarawo."

Hawaye suka zubo mata. Ta janye hannunta daga ƙofar.

Daga bakin ƙofa ya waiwayo ya dubi Baffan.

"Ban yafe ba. Malam, ka zama shaida. Ban yafe ba."

Sau huɗu ya buga babur ɗin kafin ya tashi. Bai koma tasha ba, ya ɗauki hanyar Kebbe.

Ruwan shekaranjiya ya ɓata hanyar. Bayan Kebbe sau biyu yana sauka yana tura babur cikin laka, takalminsa ɗaya ya tsinke ya ɗaure shi da leda. Mai babur ya kira har sau uku, ya ƙi ɗauka. Duk hanya yana tsara abin da zai faɗa wa Bube, duk maganar da ya haɗa sai ya ji ba ta yi ba.

A tsohuwar rugar bai tarar da kowa ba, an nome wurin gero. Wata mai tallan nono a Fakku ce ta nuna masa hanya, bayan ta gama kallonsa sama da ƙasa.

"Bube mai karyayyen hannu? Ya koma can bayan fadama. Ba shi son baƙi fa."

La'asar ta kusa lokacin da ya isa. Bukka biyu ce da rumbu ɗaya. Bube na zaune a gindin kaɗanya yana tufkar igiya, ya maƙale bakinta da babban yatsan ƙafa. Ya yi furfura sosai. Yatsu biyu na hannunsa na dama sun lanƙwashe ba sa miƙewa, da sauran ukun yake aiki. Kafin yau Siddiƙ bai san 'yan banga sun yi masa haka ba. Ba wanda ya gaya masa, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Ya yi sallama. Bube ya amsa bai ɗago ba.

Siddiƙ ya cire takalmi ya durƙusa a ƙasa.

"Baba Bube, ni na. Siddiƙ."

"Na san muryarka."

"Na fito daga wurin Baffa Ɗanmaliki. Ba shi da lafiya. Ya faɗi gaskiya gaban liman. Shi yas sai da shanun."

"Uhm."

"Ba ka ji abin da nic ce ba? Shi na, ba kai ba."

"Na ji. Ai ni na san ba ni ba ne." Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "Na san shi na tun ranar. Wa ka aiken mutum sayen kanwa ga buhu biyu ajiye a ruga? Na gaya maka ma."

"Yaushe?"

"Ranar da kaz zo da mutanenka. Na ce, takwara, ka tambayi wanda ya aike ni. Kac ce in rufe maka baki."

Siddiƙ ya tuna. Har da abin da ya ƙara bayan nan ya tuna, cewa mahaifinsa ya yi shekara talatin yana ciyar da maciji.

"Baba, na cuce ka. Ban da bakin magana. Na zo ka yafe mini."

Sai yanzu Bube ya ɗago ya dube shi. Ya daɗe yana kallon rigarsa da ta ci laka da takalmin da aka ɗaure da leda.

"Kabu-kabu kaka yi, anka ce."

"E."

"Ɗan Alhaji Maccido." Ya girgiza kai. "Shi Ɗanmalikin mi yan nema wurinka?"

"Yafiya."

"Kac ce mi?"

Siddiƙ ya sunkuyar da kai.

"Ina jin ka."

"Na ce ban yafe ba."

"To." Bube ya naɗe igiyar ya rataya a reshe. "Ka hana da safe, ka zo nema da marece."

"Baba, ba ɗaya ba ne. Shi da saninai yay yi. Ni yaudarata anka yi."

"Shi ya ɗauki shanu. Hannun ga ba shi yal lanƙwasa shi ba, ba kuma shi yan nuna ni ba."

Tun safe Siddiƙ yake jin shi aka zalunta, kowa na binsa da ban haƙuri. Yanzu ya rasa inda zai tsaya.

Bube ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Taso mu je."

"Ina?"

"Taso dai."

Suka bi wata siririyar hanya ta cikin dawa, Bube na gaba yana ɗingishi. Suka gangara fadama, suka zagaya wani kurmin ƙaya. Siddiƙ ya fara jin warin kashin shanu tun kafin ya gan su.

Garke ne, farare da jajaye, suna kiwo a bakin ruwa. Bube ya yi musu wani kira daga maƙogwaro, wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho ta ɗago ta nufo su. Siddiƙ ya dubi kunnenta na hagu. Tsaga biyu ce, ɗaya sama ɗaya ƙasa, alamar mahaifinsa. Ya dubi ta kusa da ita, ya dubi maraƙin da ke bayanta. Duk haka.

"Baba... waɗanga fa?"

"Bakwai ne lokacin. Ciwon baki da kofato ya kama su, na ware su na kai wa surukina nan bayan fadama don kada su shafa wa saura. Mutanen Baffanka ba su san da su ba. Yanzu ashirin da shida ne, har da na goyo."

"Kuma duk ka yi musu alamar Alhaji."

"Ta wa zan yi musu? Nashi ne."

"Shekara fuɗu, Baba. Ina yawo kan babur ɗin mutane. Innata na sai da ƙuli. Don mi ba ka aiko ba?"

"In aiko wa? Wurin wa? In na fito da su lokacin, cewa za a yi kasona na sata ke nan, kai za ka fara faɗi. In Ɗanmaliki ya ji, kwana guda ba su ƙarawa nan. Sau biyu ina zuwa Tambuwal. Na gan ka bakin tasha, ka gan ni, ka tofar da yawu ka juya babur."

Siddiƙ ya tsuguna a wurin ya dafe kai da hannu biyu. Wannan ma ya tuna.

"Da ka sai da su ka yi maganin hannunka. Wa za shi sani?"

"Ranar da Alhaji za shi tafi asibitin da bai dawo ba, ya zo ruga. Ya ce, Bube, yaron ga bai san komai ba tukuna, ka riƙe mai. Na ce to. Ban ce sai in yaron ya yi mini kirki ba." Ya shafa wuyan saniyar. "Nono mun sha, ba zan ɓoye maka ba. Taki mun zuba gona. Amma ko kaza ban saya da shanun ga ba."

"Ka raba biyu ka ɗauki rabi. Wallahi ka ɗauki duka ma in kana so."

"Ban so. Naka ne. In yau kaka so, ka samo masu kora."

"Ba shanu niz zo nema ba, Baba. Ban ma san da su ba. Ka ce ka yafe mini, ko ka dake ni da sandar ga, ko ka ce in tafi kada in dawo. Ka ce wani abu."

Bube ya juya ya fara komawa ta hanyar da suka biyo. Siddiƙ ya bi shi yana roƙo har suka fito daga cikin dawar. Maimakon ya nufi bukkoki, sai ya ratse bayan rumbu ya tsaya.

An kewaye wani ɗan wuri da ƙaya. A tsakiya akwai tudun ƙasa gajere, an jera fasassun tukwane a kansa.

"Na hannu na yafe tun da daɗewa," in ji Bube. "Na sunan ɓarawo ma, tunda ka zo da ƙafarka, na yafe. Wanga kuwa ba ni kaɗai ad da shi ba."

"Kabarin wa?"

"Ka tuna Hamdiya?"

Ya tuna ta. Autar Bube ce, ita kaɗai ta rayu cikin 'ya'yan da matarsa Batula ta haifa. Shekararta shida lokacin, mai giɓi a gaba, tana bin Siddiƙ tana roƙon ya ba ta wayarsa ta ga hoto.

"An ce mini tana wurin dangin uwatta," ya ce.

"Wa yac ce maka?"

"Baffa."

"Kwana na ukku da kama ni zazzaɓi ya kama ta. Batula ta bi gida-gida tana neman wanda za shi kai su asibitin Kebbe. Ba wanda yay yarda shi ɗauki matar ɓarawo kan babur ɗinai. Ta goya ta, ta taka da ƙafa. Ba su kai rabin hanya ba." Ya gyara wata ƙaya da ta zame da bakin sandarsa. "Surukina yak kawo ta nan yar rufe. Ni ina ɗaure. Sai da anka sake ni nis sani."

Siddiƙ ya dafa rumbun.

"Baba, ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Ba ka tambaya ba."

A bayansu aka ajiye wani abu mai nauyi a ƙasa. Siddiƙ ya waiwaya.

Batula ce ta dawo daga rijiya. Tulun na gabanta, ruwa na malala ta bakinsa ba ta kula ba. Ta rame har ya kusa kasa gane ta. Ba Bube take kallo ba.

"Batula," in ji Bube a hankali, "baƙo na. Ya zo neman..."

"Na san abin da yaz zo nema. Tun daga rijiya anka gaya mini ɗan Maccido na gidana."

Ta taka har gabansu. Bube ya ɗan shiga tsakani, ta ɗaga masa hannu.

"Matsa, Malam. Kai ka gama taka."

Ta nuna wa Siddiƙ ƙasa, daidai bakin ƙayar.

"Zauna nan kusa da ita. Akwai saƙon da tab bar maka a kan hanya, shekara fuɗu nika riƙe da shi."